Daga Zaure Zuwa Kotu: Tarihin Ƙara da Shari'a a Ɗan Issa da Kudancin Maraɗi

Ɗan Issa ƙaramar hukuma ce a gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, a kan hanyar da ta ƙetare iyaka ta bi ta Jibiya ta shiga Katsina. Mutumin wannan yanki da aka ci wa iyakar gona, ko matar da zaman aure ya gagare ta, ko ɗan kasuwar da bashinsa ya maƙale, ƙofofi da yawa ne a gabansa. Akwai dattawan dangi, akwai limami, akwai mai gari da hakimi, akwai jandarma, akwai kotun Madarunfa, sannan babbar kotu a Maraɗi. Ba a rana ɗaya aka kafa waɗannan ƙofofi ba. Kowacce zamaninta ne ya bar ta, kuma zamanin da ya biyo baya bai rushe ta ba, sai dai ya rage mata ƙarfi ko ya sauya mata suna.

Tushen shari'ar yankin a Katsina yake. Tun ƙarshen ƙarni na 15 malaman fiƙihun Malikiyya ke sauka a birnin. Shehu Al-Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya zauna a Katsina, kuma malamin nan Aida Ahmad al-Tazakhti ya riƙe alƙalancin birnin har rasuwarsa wajen 1529. Littattafan da alƙalai ke dogara da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, su ne har gobe ake karantawa a zaurukan malaman Maraɗi. Amma alƙali na birni ne. Talakan ƙauye, musamman Azna masu bin addinin gargajiya, shugaban gidansu da manyan zuriyarsu ke raba musu gardama, sai abin da ya kai zubar da jini ko ya taɓa haƙƙin sarauta ake kaiwa fada.

Masu jihadin 1804 sun ɗauki yadda ake shari'a a matsayin ɗaya daga manyan laifuffukan sarakunan Hausa. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki karɓar gaisuwa daga masu neman hukunci, da maye gurbin haddi da tarar dukiya, da cin wani abu daga gadon mamaci. Katsina ta faɗa hannun Umarun Dallaje, jagoran masu jihadi a can, wajen 1807. Gidan sarautar da aka kora ya yi gudun hijira zuwa Damagaram, daga baya ɗan gidan, Ɗan Kasawa, ya dawo ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, da goyon bayan Aznan kwarin gulbi waɗanda suka yi wa wakilin Fulani tawaye. Shi ya sa har yau sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina.

Kuskure ne a ɗauka cewa daular da ta yaƙi masu jihadi ba ta san alƙali ba. Sarakunan Maraɗi Musulmi ne, suna da limamai da alƙali mai duba aure da saki da gado da bashi tsakanin Musulmi. Sai dai mulkin nasu ya tsaya ne a kan ƙawance da Azna, don haka bai tilasta musu fiƙihu ba. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875, sarki ne ƙarshen magana a manyan laifuffuka, yana tare da rukuninsa na mutum huɗu: Galadima, Ƙaura, Durɓi da 'Yanɗaka. Akwai kuma Iya, 'yar gidan sarauta mai shugabantar 'yan bori da matan da ba su ƙarƙashin miji, wadda rigingimunsu ke ƙarewa a gabanta. Ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, inda Ɗan Issa take, fagen hari ce a wancan ƙarni. Jama'a sun takure a garuruwa masu ganuwa da shinge a bakin gulbi, daji kuwa ya yi yawa har ba wanda zai yi ƙara a kansa. Rigimar da ta fi yawa a lokacin ta mutane ce da dabbobi: bawan da ya gudu, matar da aka kama a yaƙi, dokin da aka sace.

Zuwan Turawa ya raba ƙasa guda gida biyu. Bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, ayarin wakilan ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, ya bi ƙasa yana kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Katsina ta zauna a hannun Ingilishi, Maraɗi a hannun Faransawa, iyakar kuma ta ratsa tsakanin Ɗan Issa da Jibiya. Daga nan hanyoyin shari'a suka rabu. A kudu, Ingilishi sun bar kotunan alƙalai da majalisar sarki a tsaye, suka jera su daraja-daraja, suka sa musu albashi da littafin rajista, suka hana hukuncin yanke gaɓa. Alƙali ya ci gaba da zama alƙali, da muhutinsa da littattafansa. A arewa kuwa Faransawa ba su yarda wani ya yi hukunci da ikon kansa ba. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta shimfiɗa kotunan 'yan ƙasa hawa uku ga yankunansu na Afirka ta Yamma, daga ƙauye zuwa lardi zuwa da'irar kumandan, sannan gyare-gyaren 1912 da 1924 da 1931 suka yi ta janye iko daga hannun sarakuna. Zuwa 1931 mai gari sulhu kaɗai ya rage masa. Kotun hawa na ɗaya da ta hawa na biyu jami'in mulki ke shugabanta, da mataimaka biyu daga cikin malamai ko dattawa waɗanda aikinsu su faɗa masa abin da al'ada ta ce.

A nan ne wani abu ya faru wanda tasirinsa bai gushe ba. Faransawa ba su amince da shari'ar Musulunci a matsayin dokar ƙasa ba, sun amince da abin da suka kira al'ada, muddin ba ta saɓa wa abin da suke ɗauka wayewarsu ba. To amma idan kumandan ya juya ya tambayi mataimakinsa mene ne al'adar Hausawa game da idda ko rabon gado, malamin da Risala zai ba shi amsa. Ta haka fiƙihu ya shiga kotun Bature da rigar al'ada, ya kuma kai inda bai kai ba a zamanin Ɗan Baskore, domin Aznan da ya shigo kotu sau da yawa ma'aunin malamai ake auna shi da shi. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi ƙoƙarin rubuta al'adun a littafi, ta buga kundi uku a 1939, na ukun ya ƙunshi na Nijar, amma kundin bai zama doka ba. Magana ta ci gaba da zama a bakin mataimakan kotu.

Kusa da waɗannan kotuna akwai wani iko da ba ya bukatar kotu ko kaɗan. Dokar da aka keɓe wa 'yan ƙasa ta ba kumandan damar ɗaure mutum har kwana 15 da cin sa tara har tamma 100, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara, kan abubuwa irin su jinkirin biyan lanho, wato haraji, ƙin fita aikin tilas, ko abin da ya ga raini ne. A 1924 aka rage kwanakin zuwa 5. Tsakanin talaka da kumandan akwai tafinta da gardi, kuma abin da tafinta ya juya shi ne abin da aka ji. Mutanen bakin iyaka suna da wata mafita da na nesa ba su da ita: idan lanho ko aikin tilas ko ɗibar soja ya tsananta, gida guda, wani lokaci ƙauye guda, ya kan tashi da dare ya koma ƙasar Katsina. Wannan zamani ne ya dasa wa talaka tsoron bariki, ya sa kiran hukuma ya zama abin da ake jajanta wa mutum tun kafin a ji dalilinsa. A 1946 aka soke aikin tilas da dokar 'yan ƙasa, aka kuma mayar da shari'ar laifuffuka ƙarƙashin dokar Faransa. Kafin nan dokar Mandel ta 1939 ta sa shekara 14 ga yarinya da 16 ga yaro kafin aure, ta kuma shardanta yardarsu, daga baya kuma dokar Jacquinot ta 1951 ta taɓa batun kuɗin aure. A ƙauyukan Maraɗi waɗannan dokoki biyu sun fi zama a takarda.

Bayan samun 'yanci a 3 ga Agusta 1960, Nijar ta yi kundin hukunta laifuffuka a 1961, sannan dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗa kotuna a tsari guda. Ba a kafa kotun shari'ar Musulunci dabam ba. An dai umarci mai shari'a, wanda dokar zamani ya karanta da Faransanci, ya yi aiki da al'adar masu ƙara a kan aure, saki, dangantaka, gado, kyauta, wasiyya, da mallakar ƙasar da ba a yi wa rajista ba, yana zaune da mataimaka biyu masana al'ada. Shawara suke bayarwa, hukunci nasa ne. Dokar 22 ga Yuli 2004 da ta 1 ga Yuni 2018 sun riƙe wannan ginshiƙi, da ƙarin sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta sa wa hannu. Yunƙurin yin kundin dokar iyali guda ɗaya ya ci tura a farkon shekarun 1990 saboda adawar ƙungiyoyin addini, don haka har yanzu babu rubutacciyar dokar aure da ta game talakawa duka. Sakin da miji ya furta a gida saki ne a al'ada, kotu tabbatar da shi take yi ta ba da takarda. Matar da ke neman rabuwa kuwa ita ce mai tafiya: daga waliyyi zuwa limami ko mai gari, daga nan kotu, kuma batun mayar da sadaki shi ne yawanci inda gardama take tsayawa.

Su sarakuna, doka ta tsayar da matsayinsu a 1993, aka sabunta a 2015. Ikonsu na sulhu ne a al'amuran al'ada da na mu'amala, kuma ana so su rubuta takardar da ke nuna an sasanta ko an kasa, wadda ita ce ake riƙewa a tafi gaba. A aikace, zaman zaure ya fi wannan nauyi. Mai ƙara ya kan zo da safe ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. A aika dogari ko wani yaron fada ya kira abokin ƙara. Idan gona ce, ba a gama magana a zaune. Sai an tashi an je an tsaya a kan iyakar, a nemi layin gamba da aka dasa, ko kututturen gawo, ko tsohuwar suri, a kira maƙwabtan gona da tsofaffin da suka ga lokacin da aka sari dajin. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce shaidu a kan mai da'awa suke, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Idan shaidu suka gaza aka kai ga Alƙur'ani, wuri ya kan yi tsit. Mai rantsuwa ya yi alwala, limami ya yi masa wa'azi ya tsoratar da shi, dangi su kewaye shi suna roƙo, domin an yi imani rantsuwar ƙarya ba ta tsayawa kan mai ita, har zuriya take bi. Sau da yawa a wannan gaɓa ce ɗaya ke janyewa, ko a raba abin biyu. Wannan tsari yana da arha, ana yin sa da harshen da kowa ke ji, kuma yana barin maƙwabta su ci gaba da gaisawa. Aibinsa ma a fili yake: mai kusanci da fada ya fi samun kunne, mace ba kasafai take magana da bakinta ba, kuma sulhun da ba a rubuta ba ya kan tashi idan mai gari ya rasu wani ya hau.

Babu rigimar da ta cika zauruka da kotunan kudancin Maraɗi kamar ta ƙasa. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito daga kwari suka bazu suna saran daji, wanda ya fara sa gatari shi ne mai wuri. Noman gyaɗa ya ƙara wa gona daraja daga shekarun 1930, jama'a kuma ta yi ta ninkuwa, har yankin ya zama cikin mafi cunkoso a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya ba baƙo aro da baki, kan damin gero guda a shekara, ta zama abin shari'a tsakanin jikoki: waɗannan na cewa aro ne, waɗancan na cewa kyauta ce. Jingina ma haka, domin wanda ya riƙe gona shekara 30 kan kuɗin da ba a fansa ba ya kan manta cewa ba tasa ba ce. Sanarwar shugaban ƙasa Seyni Kountché ta Disamba 1974, cewa gona ta mai noma ta ce, ta ƙara dagula lissafi. Da niyyar kare talaka aka yi ta, amma masu ƙasa suka shiga karɓe gonakin aro, suka kuma daina bayarwa. Matsin ya faɗa wa mata ta wata fuska. Gamana, wato 'yar gonar da mai gida ke yankar wa matarsa daga gandu, ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace a wasu garuruwa, kamar yadda binciken da aka yi a kudancin Maraɗi a farkon shekarun 2000 ya nuna. Wannan ya sa mata da yawa suka koma neman rabonsu na gado ta hanyar fiƙihu, wanda ya ba 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, alhali tsohuwar al'adar gandu ba ta fitar mata da ƙasa.

Tsakanin manomi da makiyayi, kalmar da ake ji ita ce ɓarna. Burtali ya tsuke, mashaya ta koma gona, garken da ke gangarowa kudu bayan damina ya kan iske amfanin gona bai gama shiga rumbu ba. Hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki, kuma ɓarnar da aka yi kafin ranar ana zuwa a gani da ido a ƙiyasta a biya. Abin da ke faruwa idan wannan hanya ta toshe jihar Maraɗi ta gan shi a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, a Oktoba 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta zo bayan wannan. Ta daidaita mallakar gargajiya da ta takarda a gaban doka, ta kafa kwamitocin ƙasa a gunduma, daga baya a ƙaramar hukuma da ƙauye, masu ba da takardar shaidar saye, kyauta, aro, jingina ko gadon gona. Ta kuma wajabta a fara neman sulhu wurin sarakuna kafin kotu ta saurari rigimar ƙasa. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Da wannan, takarda mai hatimi ta fara ɗaukar matsayin da tsohon da ya ga saran daji yake riƙe da shi, kuma wanda ya riga zuwa ya rubuta ya kan fi wanda ya dogara da sanin kowa.

Iyaka ta ƙara wa al'amarin wani rufi. A gefen Najeriya, an soke kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960 aka mayar da na alƙalai hannun gwamnati, sannan a 2000 Jihar Katsina ta bi sahun Zamfara ta faɗaɗa shari'ar Musulunci har zuwa laifuffuka. Shari'ar Amina Lawal, wadda ta faro a Bakori a 2002 ta ƙare da sallamarta a kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina a Satumba 2003, ta sa duniya ta san waɗannan kotuna. Ke nan dangi guda, masu aure da juna da cin kasuwa ɗaya, suna ƙarƙashin dokoki biyu. Matar da aka auro daga Jibiya idan ta yi yaji ta koma gida, alƙalin can take kai wa kuka, sammacinsa kuwa ba ya aiki a Ɗan Issa. Bashin da aka ci da naira aka yi alkawarin biya da sefa ya kan zama gardama idan canji ya motsa. Irin waɗannan ba kasafai suke kaiwa kotu ba. Dillalai da shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan gefe biyu ke kashe su, kuma abin da ke tilasta biya shi ne tsoron zubewar mutunci a kasuwa.

Da yawa daga masu zuwa kotun Madarunfa a yau ba faɗa ne ya kawo su ba, takarda ce. Yaron da ba a yi wa rajistar haihuwa a kan lokaci ba sai da hukuncin kotu da shaidu yake samun takardar da zai zauna jarrabawa ko ya yi katin ɗan ƙasa, shi ya sa ake shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka a ƙauyuka. Magada na bukatar takardar taron dangi da ta shaidar gado kafin su taɓa kuɗin mamaci a banki ko fanshonsa. Laifi kuwa, sata ko rauni ko kisa, ba ya cikin ikon zaure: daga jandarma sai mai gabatar da ƙara, daga nan kotu ko gidan kaso. Wanda bai gamsu da hukuncin al'ada ba yana iya ɗaukaka ƙara, kuma shekaru da dama manyan ƙararrakin Maraɗi sai an dangana da Damagaram, daga can Yamai. Lauyoyi kusan duka a babban birni suke, abin da ya sa aka kafa hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi da dokar Disamba 2011. Kuɗin mota, kwanakin da aka bari ba a je gona ba, da ɗage zama sau uku ko huɗu, su ne ke sa talaka ya haƙura da haƙƙin da yake da gaskiya a kansa.

Harshe shi ne abin da bai sauya ba tun zamanin kumandan. Mai ƙara da Hausa yake magana, shaidunsa da Hausa, mataimakan kotu da Hausa da Larabcin littafi, mai shari'a ma sau da yawa yana jin Hausa, amma hukuncin da Faransanci ake rubuta shi, sai mai shi ya fita waje ya nemi wanda zai karanta masa. Kundin tsarin riƙon ƙasa da hukumomin soja suka fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kundin laifuffuka, da dokar karkara, da takardun da magatakardan kotu ke cikewa, duk da Faransanci aka tsara su, kuma da shi ake horar da masu shari'ar da ake turowa Madarunfa.